Alan Shearer, Kofi Ɗaya Tak, da Yaron Zariya

Wani mai karatu daga unguwar Tunga a Minna ya aiko da tambaya mai kai biyu. Ya ce a gidan kallon ƙwallon da yake zuwa akwai wani dattijo da ba ya bari a gama yabon ɗan wasan gaba na yanzu, ko Haaland ne ko Salah, sai ya ce duk ba su kama ƙafar Alan Shearer ba. Matasan wurin, da yake ba su riski wasan mutumin ba, suka bincika suka ga babban kofi ɗaya tak ya ɗauka a duk rayuwarsa ta ƙwallo. To ina girman yake? Na biyu, dattijon yakan ce akwai wani haifaffen Zariya da ya yi shekaru yana buga gaba tare da Shearer, ya sa rigar Ingila, daga baya kuma ya zo ya sa ta Najeriya. Wannan kam, in ji mai tambaya, sun ɗauka ƙarin gishiri ne.

Malam, na ji daɗin wannan tambaya, kuma ka gaishe mini da dattijon naku, domin bai ƙara gishiri ba ko kaɗan. Ku ma ƙirgenku daidai ne, kofin ɗaya ne. Sai mu bi labarin a hankali mu ga yadda maganarsa da taku suka zauna wuri guda.

Mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Shearer ya zura ƙwallo 260 a gasar Firimiya cikin wasa 441, wato 112 a Blackburn da 148 a Newcastle, kuma tun da ya rataye takalmi a 2006 ba wanda ya kamo shi. Harry Kane ne ya fi matsowa, ya kai 213 kafin ya tafi Bayern Munich a 2023, Wayne Rooney kuma ya tsaya a 208. Amma akwai ɗan gyara da ya kamata dattijo ya karɓa. In an ce Shearer ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Firimiya, tarihin da ake nufi ya fara ne a 1992, lokacin da manyan ƙungiyoyi suka ɓalle daga tsohuwar hukumar gasar suka kafa tasu don su riƙe kuɗin talabijin. An yi sama da shekara ɗari ana buga babbar gasar Ingila kafin nan, kuma a wancan dogon lissafin Jimmy Greaves ne a gaba da ƙwallo 357. Shearer, in an haɗa da waɗanda ya ci kafin a kafa Firimiya, yana da 283.

An haife shi ranar 13 ga Agusta 1970 a Gosforth, cikin birnin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila, a bakin kogin Tyne. A da garin masu haƙar kwal ne da masu ƙera jiragen ruwa, mutanensa na da karin harshensu da bai yi kama da na Landan ba, kuma suna ji da garinsu ƙwarai. Babbar ƙungiya ɗaya ce a birnin, filinta St James' Park na kan tudu a tsakiyar gari. Mahaifin Shearer ma'aikacin ƙarfe ne, shi kuma yaron ya tashi yana tsayawa cikin 'yan kallo a wannan fili yana kallon Kevin Keegan, wanda ya buga wa Newcastle daga 1982 zuwa 1984. Ka riƙe sunan Keegan, zai sake shigowa.

Duk da haka ba Newcastle ce ta fara ɗaukarsa ba. Wani mai farautar yara masu ƙafa, Jack Hixon, ya gan shi a ƙungiyar yara ta Wallsend, ya kai shi Southampton da ke can ƙarshen kudu a 1986. Ranar 9 ga Afrilu 1988 aka fara sa shi cikin sha ɗayan farko, a karawa da Arsenal, ya ci uku rigis, Southampton ta yi nasara da ci 4-2. Shekararsa 17 da kwana 240, kuma kafin shi ba wanda ya taɓa cin uku a wasa ɗaya na babbar gasar yana da ƙarancin shekaru haka. Mai jin wannan sai ya zaci daga ranar raga ba ta ƙara hutawa ba. Ina! A duk zamansa a Southampton ƙwallo 23 kawai ya ci a gasar cikin wasa 118. Shekarun nan ya yi su ne yana koyon aikin da 'yan kallo ba sa tafa wa: tare doguwar ƙwallo da ƙirji, jingina da mai tsaron baya har abokai su iso, da shan duka ba tare da faɗuwa ba.

A 1992 wani attajirin ƙarfe mai suna Jack Walker yana zuba dukiyarsa a ƙungiyar garinsu, Blackburn Rovers, ya riga ya ɗauko Kenny Dalglish ya ba shi aikin koci tun 1991. Suka sayi Shearer fam miliyan 3.6, kuɗin da wata ƙungiyar Birtaniya ba ta taɓa biya ba a lokacin. Ya ci 16 cikin wasa 21, sai a watan Disamba jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke, wato wadda ke riƙe gwiwa kada ta goce idan mutum ya juya da ƙarfi. Raunin nan ya sha kashe wa 'yan wasa kasuwa. Shi kuwa ya dawo ya ci 31 a kakar 1993-94, ya ci 34 a ta gaba, ya sake cin 31 a ta bayanta. Kaka uku a jere yana wuce 30, abin da har yau ba wanda ya maimaita a Firimiya. Biyun farko dai an buga su ne lokacin da ƙungiyoyi 22 ne a gasar, kowace tana wasa 42, saboda haka da Haaland ya ci 36 a kakar 2022-23 mai wasa 38, ya cancanci yabon da aka yi masa, ko dattijo ya so ko ya ƙi.

Kofin nan ɗaya a wannan lokacin ya zo. Ranar ƙarshe ta kakar 1994-95 Blackburn ta je gidan Liverpool, Shearer ya fara ci, amma aka doke su 2-1. 'Yan wasan sun ɗauka an gama da su, sai labari ya iso cewa Manchester United ta yi kunnen doki 1-1 da West Ham. Da tazarar maki ɗaya Blackburn ta zama zakara, karo na farko tun 1914.

Tun da ba ku ga wasansa ba, bari in kwatanta muku. Ba mai yanka ba ne. Ba za ka ga ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili ya zubar da mutum huɗu ba. Mutum ne mai kaurin cinya da faɗin ƙirji, tsawonsa madaidaici, amma idan aka bugo ƙwallo ta sama daga gefe, yakan ɗan ja baya sannan ya taho da gudu ya riga mai tsaron baya tashi, gwiwar hannunsa a buɗe, wuyansa a ƙage. Masu tsaron baya na lokacin sun sha kukan wannan gwiwar hannu, kuma wani kukan da gaskiyarsu. Idan ƙwallo ta zo ƙasa, ba ya neman ya ƙawata ta, ƙafar dama yake sakar mata da dukkan ƙarfinsa. Bugun fenareti, wato daga kai sai mai tsaron gida, ya ci 56 a Firimiya, yawanci can sama inda ko gola ya bi hanyar ba ya kaiwa. In ya ci kuwa babu rawa, babu tuntsura gudun biri. Hannun dama ɗaya yake ɗagawa sama, tafin a buɗe, ya ruga gefen fili. Shi ke nan, tun yana saurayi har ya yi sanƙo.

A gasar ƙasashen Turai ta 1996, wadda Ingila ta karɓi baƙunci, ya shiga yana da wasa 12 a jere bai ci wa ƙasarsa ba, jaridu suna cewa a ajiye shi. Ya ci biyar, ya fi kowa a gasar, sai dai Jamus ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenareti. Gaba ɗaya ya buga wa Ingila wasa 63 ya ci 30, ya yi mata kyaftin, sannan ya bar buga mata bayan gasar Turai ta 2000 don ƙafafunsa su ƙara kai shi wasu shekaru a ƙungiya.

Amsar tambayarka tana cikin bazarar 1996. Alex Ferguson na Manchester United, wanda ya riga ya neme shi tun 1992 bai samu ba, ya sake zuwa. A gefe guda kuma ga Keegan, wanda Shearer ya kalla yana yaro, yanzu shi ne kocin Newcastle. Shearer ya zaɓi gida. Newcastle ta biya fam miliyan 15, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a duniya, dubban mutane suka taru a wajen fili don kawai su ga ya ɗaga hannu. Ka ɗauka wani yaron Minna ne da ya tashi yana leƙen Niger Tornadoes a filin Bako Kontagora, ya je wani gari ya yi suna, sannan ƙungiyar da ta fi kowace tara kofuna a ƙasar ta zo da kwantiragi, shi kuwa ya ce gida zai dawo. Mutumin Minna da ya tuna yadda garin ya yi da Tornadoes ta ɗauko kofin ƙalubale a 2000 ba sai an yi masa dogon bayanin abin da ke jan mutum ba.

Kada dai a mai da shi waliyyi. Ba talauci ya zaɓa ba, kuma ba rashin kofi ya zaɓa da gangan ba. Newcastle ta lokacin ta kusa cin gasar a kakar da ta gabata, har ta taɓa ba United ratar maki 12 kafin ta zube. Lissafinsa shi ne in an ƙara shi a kan waɗannan 'yan wasa, kofin zai zo garinsu. Lissafin bai fita ba. Keegan ya ajiye aiki a Janairun 1997, kusan wata shida da zuwan Shearer. Kakar ta ƙare suna na biyu, duk da Shearer ya ci 25 ya ɗauki takalmin zinare, kyautar wanda ya fi kowa cin ƙwallo, karo na uku a jere. Kafin a fara kaka ta gaba ya ji mummunan rauni a idon sawu a wasan share fage, ya yi watanni a kwance, kuma saurin da yake da shi a Blackburn bai dawo duka ba. Sun kai wasan ƙarshe na kofin FA a 1998, Arsenal ta doke su 2-0. Suka sake kaiwa a 1999, United ta doke su 2-0. A shekara goman da ya yi a Newcastle, ita United ɗin da ya ƙi ta ɗauki Firimiya sau biyar, ta haɗa da kofin Zakarun Turai na 1999.

To a ganina nan ne ƙirgen kofi yake ruɗin mutum. Kofi na mutum sha ɗaya ne da koci da mai kuɗin ƙungiya. Akwai 'yan wasan da suka tara lambobin zinare suna zaune a benci, kuma ba mai hankalin da zai ce sun fi Shearer. Abin da ke hannun ɗan wasan gaba shi ne ƙwallon da ya ci, da wa ya ci, da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka yana ci. Ko na Kane ya isa misali: har ya bar Ingila ba shi da kofi ko ɗaya, ya je Bayern ya ɗauki gasar Jamus a 2025, alhali ƙafar da ya tafi da ita ita ce dai wadda yake da ita a Tottenham. Abin da ya fi burge ni game da Shearer ma ba shekarun Blackburn ba ne, na bayan raunin ne. Da gudu ya ragu, sai ya sake salon wasa, ya koma mai tsayawa ya tare ƙwallo ya rarraba wa yara masu sauri irin su Craig Bellamy, kuma duk da haka yana ci.

An ma taɓa yi masa kallon wanda ya ƙare. A Agustan 1999 koci Ruud Gullit ya ajiye shi a benci a wasan hamayya da Sunderland, maƙwabtan da ba sa ga maciji da juna. Aka doke Newcastle 2-1 a gida cikin ruwan sama, bayan 'yan kwanaki Gullit ya ajiye aiki. Bobby Robson ya karɓa, kuma a wasansa na farko a gida suka lallasa Sheffield Wednesday 8-0, biyar daga ciki Shearer ne ya ci. Ƙarƙashin Robson suka dawo gasar Zakarun Turai, suka ƙare na uku a 2003, suka kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA a 2004, inda Didier Drogba, yana Marseille a lokacin, ya ci biyu ya kore su.

A zamanin Robson ɗin ne yaron Zariya ya fito. Sunansa Shola Ameobi, an haife shi a Zariya ranar 12 ga Oktoba 1981. Daga sunan za ka ji asalin gidansu Yarbawa ne, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Zariya, garin da makarantu da jami'a da tashar jirgin ƙasa suka tara mutanen kowane sashe na ƙasar nan. Yana ɗan shekara biyar iyalin suka koma Newcastle, inda mahaifinsa ya tafi ƙarin karatu, suka zauna. Can ya yi makaranta, can ya shiga makarantar horon yara ta ƙungiyar, kuma in yana magana karin harshen garin ne a bakinsa. Ƙannensa biyu, Tomi da Sammy, su ma sun yi sana'ar ƙwallo, har Sammy ya buga wa Newcastle tare da yayansa.

An fara sako shi a Satumban 2000 a wasa da Chelsea. Abin da mutanen garin suka fi tunawa da ranar shi ne yadda dogon yaron ɗan shekara 18 ya tsaya ƙirji da ƙirji da Dennis Wise, kyaftin ɗin Chelsea da ya yi suna wajen tsokana, bai ja da baya ba. A Disamban 2002 ya zura wa Barcelona ƙwallo a filinta na Camp Nou, ko da yake an doke su 3-1, bayan wata biyu kuma ya ci Bayer Leverkusen biyu a Jamus.

Yanzu ga abin da za ka kai wa dattijo, wanda wataƙila ko shi bai lura ba. Ƙwallaye biyu da aka fi nunawa cikin duk waɗanda Shearer ya ci wa Newcastle, duka daga jikin Ameobi suka fito. Ta farko ranar 1 ga Disamba 2002 ce, da Everton. An ba Joseph Yobo namu na Everton jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, amma Everton ta riƙe ci 1-0 har saura 'yan mintuna. Laurent Robert ya cillo doguwar ƙwallo daga baya, Ameobi, wanda aka sako daga benci, ya tashi ya sauko da ita da ka zuwa wajen da'irar gola, Shearer kuma bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya ɗirka mata ƙafar dama ta wuce ta saman gola ta shige kusurwa. Newcastle ta ƙara ɗaya ta ci 2-1. Idan ka nemi hoton bidiyon a waya, kada ka tsaya kan bugun kawai, ka mai da baya kaɗan ka ga inda aka ajiye masa ita: ba gaba da yawa ba, ba baya ba, daidai inda ƙafarsa za ta sauka.

Ta biyu ranar 4 ga Fabrairu 2006 ce, da Portsmouth. Shearer ya riga ya kamo Jackie Milburn, gwarzon garin na shekarun 1950, a ƙwallo 200, yana neman ɗaya ya zama wanda ya fi kowa ci wa ƙungiyar. Gola ya bugo doguwa, Shearer ya goga mata kai ta faɗa wajen Ameobi, wanda ya juya wa raga baya da mai tsaron baya a manne da shi. Maimakon ya juya, sai ya tura ta da dunduniya cikin hanyar da Shearer ke shigowa. Ta 201 ke nan. Shearer ya ƙara biyar, ta ƙarshe fenareti ce a gidan Sunderland ranar 17 ga Afrilu 2006, a wasan da gwiwarsa ta sake lalacewa ya fita bai ƙara dawowa ba. Ya tsaya a 206. Rigarsa mai lamba 9 kuwa wani ɗan Najeriya ne ya gada, Obafemi Martins, a lokacin da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, yake tsaron bayan ƙungiyar.

Ba zan ce maka Ameobi ya kai Shearer ba, ko kusa. Ya buga wa Newcastle wasa 397 ya ci 79 cikin shekara 14, da yawa daga benci yake shigowa, ciwon ƙugu ya dame shi har aka yi masa aiki, kuma 'yan kallon garin sun sha yi masa gunaguni idan ya yi wasa kamar barci yake ji. Amma akwai wurare biyu da yake farkawa. A gasannin Turai ya ci 15, kuma a tarihin ƙungiyar Shearer ne kaɗai ya fi shi. Sai kuma Sunderland, wadda ya ci sau bakwai, har da biyu a ranar 31 ga Oktoba 2010 da aka yi musu 5-1. A garin da cin Sunderland ya fi wasu kofunan daɗi, wannan kaɗai ya isa a yafe wa mutum kura-kuransa na shekara. Kuma da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2009, bayan an kira Shearer ya riƙe ta a wasa takwas na ƙarshe bai iya ceto ta ba, Ameobi na cikin waɗanda suka zauna. Ya ci Reading uku a farkon kakar, suka dawo Firimiya a matsayin zakarun rukunin a 2010.

Saura batun riga biyu, wanda shi ne kuka fi shakka. Rigar Ingila da ya sa ta 'yan ƙasa da shekara 21 ce, bai taɓa buga wa babbar tawagar ba. A da, wanda ya wakilci ƙasa a gasar hukuma ko ta matasa ce, ya ɗaure kansa ke nan. A 2004 hukumar FIFA ta sassauta, ta ce mai ƙasa biyu zai iya sauyawa sau ɗaya in bai buga wa manya wasan gasa ba, amma sai kafin ya cika shekara 21. Wannan bai amfani Ameobi ba, don ya riga ya wuce. A 2009, bisa shawarar Aljeriya, aka cire iyakar shekarun. Ta wannan ƙofa aka amince masa a Nuwamban 2011, lokaci guda da Victor Moses, kuma ita ce daga baya Alex Iwobi da Ola Aina da Ademola Lookman suka biyo.

Stephen Keshi ne ya fara sa shi a tawagar Najeriya, a wasan sada zumunta da Benezuwela a Amurka cikin Nuwamban 2012, yana da shekara 31. Bai je gasar Afirka ta 2013 da muka ɗauko ba, ya zauna da ƙungiyarsa. Ƙwallonsa ta farko a rigar Najeriya kuwa a filin Ahmadu Bello na Kaduna ya ci ta, a Satumban 2013, ranar da aka doke Burkina Faso 4-1, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga garin da aka haife shi. Ta biyu Italiya ya ci a Landan bayan wata biyu, wasan da aka tashi 2-2. Ya je gasar duniya ta 2014 a Barazil, aka sako shi a wasan Iran da na Bosniya, a gasar da Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu. Abin lura, Shearer da duk girmansa sau ɗaya ya je gasar duniya, a 1998. Yaron Zariya ma sau ɗaya.

Wasan Ameobi na ƙarshe a rigar Newcastle, a gidan Liverpool cikin Mayun 2014, da jan kati ya ƙare shi, saboda ya tsaya musu da alƙalin wasa har aka nuna masa katin gargaɗi biyu a jere, mutumin da aka san shi da sanyin hali. Daga nan ya zagaya Turkiyya, Crystal Palace, Bolton, Fleetwood da Notts County kafin ya daina. Shearer yana sharhin wasanni a talabijin na BBC, an kafa mutum-mutuminsa a bakin St James' Park a 2016, kuma yana cikin 'yan kallo a Wembley a Maris ɗin 2025 lokacin da Newcastle ta doke Liverpool 2-1 ta ɗauki kofin League, babban kofinta na cikin gida na farko tun 1955. Ameobi kuwa ƙungiyar ta dawo da shi a 2019, ta ba shi aikin kula da matasan 'yan wasan da take turawa aro wasu ƙungiyoyi: ya nema musu inda za su samu wasa, ya riƙa bibiyarsu, ya kawo rahoton wanda ya isa a dawo da shi gida.